Baƙin da Ba na Lalle Ba

Da Mma Adjara ta zo cire safa don alwalar azahar, sai safar ta ƙi fita. Ta ja a hankali, ta ƙara ja, sannan ta taho da 'yar fata a manne. A ƙarƙashin babban yatsan ƙafarta ta hagu akwai ciwo kamar faɗin goro, jiƙe sharkaf. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne ba ta ji zafin komai ba. Ta latsa wurin da yatsa, ta sake latsawa, kamar ƙafar wani take taɓawa.

Ta waiwaya ta dubi bututun ƙarfen da ke kusurwar ɗakin, wanda ke kawo ɗumi daga ƙasan benen. Tun shigowar sanyi take jingina ƙafafunta a jikinsa in ta zauna lazimi, don ita dai ba ta ga ranar da za ta saba da hunturun Bronx na ƙasar Turawan nan ba. Jiya bayan la'asar gyangyaɗi ya sace ta a nan. Ƙarfen da ko jikanta Saani mai rarrafe ya san ba a taɓa shi, shi ya dafa mata yatsa ba ta farka ba.

Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, don ta san wannan hanyar. Yayanta Mahamudu a zangon Kumasi da ɗan ƙurji ya fara. Shi ma ciwon suga ne. Aka cire yatsa, aka dawo aka cire ƙafa, daga nan sai makabarta. Ita ta riƙa yi masa fifita, kuma har yau ba ta manta warin ɗakin ba.

Da magariba 'yarta Sherifa ta shigo tana jan ƙafa, ta zube a kujera ko rigar sanyi ba ta cire ba.

"Sherifa, in kin huta ki duba min ƙafar nan. Na ƙone ban sani ba."

"Ei, Mma, kafra, sannu. Ai na hana ki zama jikin ƙarfen nan." Ta leƙo daga inda take zaune, ta ga gefen yatsan a ƙarƙashin zane. "Ki shafa man kaɗanya. In na ci abinci zan duba."

Ta ci abinci, ta yi wa mijinta waya, ta yi barci a kan kujerar.

Ba za a ce Sherifa ba ta wahala ba. Kullum tun da asuba take hawa jirgin ƙasa mai lamba huɗu daga Morris Heights har ƙarshen Manhattan, ta shiga jirgin ruwa ta tsallaka zuwa unguwar St. George, inda take jinyar wata tsohuwar Baturiya da suke kira Madam. Madam ma ciwon suga take yi, kuma ta girmi Mma Adjara. Labarin Madam kuwa babu wanda bai haddace ba a gidan, don Sherifa ba ta gajiya da shi. Likitan Madam ba ya fara magana sai an cire mata takalmi da safa. Akwai likitan ƙafa daban, akwai na ido daban, akwai na ƙoda, kuma su suke kiranta a waya su tuna mata ranar zuwa. "Turawan nan ba sa wasa da ransu," in ji Sherifa, tana girgiza kai da sha'awa. Mma Adjara takan ce Allah ya ƙara mata lafiya, ta gyara goyon Saani. Hausawa sun ce inuwar giginya na nesa ka sha, amma ba uwa ce za ta faɗa wa 'yarta haka ba.

An yi sa'a ranar da uwar za ta ga nata likitan ta kusa. Mma Adjara ta ɗora duk ranta a kan ranar nan. Ta wanke ƙafar, ta naɗe ta da tsumma mai tsabta, ta sa safa biyu, ta tsara maganar da za ta yi tun daga farko har ƙarshe.

Ƙaramin asibitin unguwar a cike yake kamar tashar mota. Suka yi zaman jira har Saani ya yi barci ya tashi. Da suka shiga, likitan bai ɗago daga kwamfutarsa ba. Shekarunta nawa tana zuwa wurin mutumin nan, amma da za a haɗa ta da wata baƙar tsohuwa mai lulluɓi a ce ya nuna tasa, da ya sha kunya.

"Ki gaya masa," in ji Mma Adjara, "ƙafafuna sun daina jin komai. Ki ce na ƙone ban ji ba, ciwon kuma ba ya bushewa, ruwa yake yi. Ki ce yayana da haka ya tafi, ina tsoro."

Sherifa ta dubi agogon wayarta. Rabin yini kawai aka ba ta, kuma jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Ta juya ta yi Turanci. Mma Adjara ba ta jin Turanci, amma ta san tsawon magana. Abin da ta faɗa ya kai zira'i, abin da ya isa kunnen likita bai fi ɗan yatsa ba.

Likitan ya yi magana yana buga rubutu.

"Ya ce sugarki ya hau. Ki rage shinkafa da tuwon banku, ki riƙa tafiya. Ya ƙara miki ƙwaya ɗaya."

"Ƙafar fa?"

"Ya ce haka masu suga suke ji."

Mma Adjara ta sunkuya ta fara kwance igiyar takalminta. Garin sauri igiyar ta ƙulle. Kafin ta warware ta, ta ji an buɗe ƙofa an rufe. Da ta ɗago, kujerar likita ce kawai ke ɗan juyawa.

A wurin masu ba da rana Sherifa ta nemi ranar ganin likitan ƙafa, don kada a ce ba ta yi komai ba. Aka ce sai bayan sanyi ya wuce, kuma a wata unguwa ce can. Sherifa ta karɓa ta ce to. A bas tana cewa, "Kin gani ko, Mma? Da abin tsoro ne ai da shi likita ya ce a cire safar."

Ana haka bikin ƙanwar Kudus, mijin Sherifa, ya taso. Gidan ya cika da ɗinki da waya da hayaƙin suya. Rana ba ta ƙarya, kowa ya shiga hidima, aka manta da ƙafa sai mai ita. Ana jibi biki Salamatou ta zo yi wa mata ƙunshi. 'Yar Maraɗi ce, a hawan ƙasa take zaune, tana sayar da turare da atamfa a wani ɗan shago, kuma hannunta a lalle ya yi suna har can unguwar Flatbush.

Da aka zo kan Mma Adjara, Salamatou ta zare safar, ta tsaya. Ta matso da ƙafar kusa da taga.

"Maman, mi na wanga? Tun yaushe?"

"Ƙuna ce, 'yata."

"Bon, ni ba ni sa lalle a nan. Wanga na likita na."

Sherifa ta taso daga kicin da ludayi a hannu. "Ai daga wurin likitan muke, bai ce komai ba. Kuma lalle ai magani ne. A zango in ƙafa na zafi ko ta tsage, me ake sawa? Shi zai busar da shi ma. Ki sa mata, Salamatou, ki yi mata baƙi sosai. So kike dangin miji su ga uwata da tsumma a ƙafa su ce ba ma kula da ita? Ana gama biki zan kai ta, in sha Allah."

Salamatou ta dubi tsohuwar. Mma Adjara ta so ta ce a'a. Amma mata sun cika ɗakin, kowa ya zuba ido, kuma gaskiya ne tun tana yarinya ta san lalle na sanyaya ƙafa. Ta ce a ranta wataƙila ta nan sauƙin zai zo. Ta miƙa ƙafar.

Aka dama lalle aka lafta, aka ɗaure ƙafafun cikin leda tun hantsi har la'asar. Da aka kwance aka bi da gishirin lalle, tafin da yatsun suka yi baƙi wuluk, suna sheƙi. Mata suka yi ta tsiya, wai tsohuwa za ta ƙwace wa amarya ango. Ranar biki kowa ya yaba ƙunshin, ita kuwa tana zaune a kujera da Saani a cinya, tana jin wani abu na bugawa can cikin ƙashin ƙafarta.

Biki ya watse. Ba a kai ta ba.

Ranar farko Madam ce ke da ganin likitan ido, kuma ba mai raka ta sai Sherifa. Rana ta gaba an yi dusar ƙanƙara. Daga nan sai ga maganar da ta fi kowacce gaskiya ta fito, da safe, Sherifa na ɗaure takalmi a bakin ƙofa.

"Mma, in na kai ki emergency na babban asibiti yini za mu yi, kuma suna iya cewa sun riƙe ki. To Saani fa? Wa zai ɗauko yayarsa Yaa daga makaranta? Ki ɗan daure zuwa ranar hutuna."

Ranar hutun ta zo, aka kira ta ta riƙe wa wata aiki, ta tafi.

Mma Adjara ta daure, don dauriya ita ce sana'ar da ta fi iyawa. Ƙafar ta kumbura har takalmi ya daina shiga, ta koma sa silifas ɗin Kudus. Tana dafa bango ta je kicin, tana dafa bango ta dawo, da yaro a baya. Zazzaɓi yakan zo da yamma ya girgiza ta ya tafi. Sai warin ya fara. Ita ta fara jin sa, ta gane shi nan take, warin ɗakin Mahamudu ne. Wata rana Yaa ta dawo daga makaranta ta toshe hanci ta yi magana da Turanci. Sherifa ta daka mata tsawa, sannan ta sauka wurin Salamatou ta sayo turaren wuta mai ƙarfi. Daga ranar kasko bai ƙara mutuwa a gidan ba.

Lalle yana da ɗabi'a guda, kowace mace ta san ta: yana gogewa. Mma Adjara ta riƙa duba ƙafafunta a kowace alwala. Ta dama ta fara komawa ja, jan ya koma ruwan goro, fata ta fara bayyana. A ta hagu ma ƙananan yatsun sun bi sahu. Babban yatsan ne ya ƙi. Ta ɗauki soso da sabulu ta dirje shi, ta dirje har hannunta ya gaji. Baƙin bai motsa ba. Washegari ta ga ya haura sama, ya wuce layin da Salamatou ta zana, ya shiga inda lalle bai taɓa zuwa ba. Ta zauna a gefen bahon wanka tana kallon sa, bakinta na karanta duk addu'ar da ta zo masa.

Ranar nan ta ajiye kunya ta yi wa surukinta magana, abin da ba ta taɓa yi ba. Tsakaninta da Kudus gaisuwa ce daga bayan labule, ko abinci ba ta ci a gabansa. Kudus mutumin kirki ne a bakin kowa, direban tasi, ba ya wuce sallar jam'i.

"Kudus, don Allah ka kai ni a duba ƙafar nan. Yau."

Ya durƙusa, kansa a ƙasa. "To, Mma. Allah ya sawwaƙe. Bari in kai ki na kan kwana, su ba a daɗewa."

Ya kai ta wani ɗan wurin duba marasa lafiya na gaggawa, ya ajiye mota inda ba a ajiyewa, hankalinsa rabi a ciki rabi a titi. Wani matashin ma'aikaci fari ya shigo da safar hannu. Mma Adjara ta cire safa da kanta tun kafin a ce, ta ɗora ƙafar a kan benci. Kudus kuwa, da ya ga surukarsa ta buɗe ƙafa har ƙwauri, sai ya juya baya ya fuskanci bango, kamar yadda ɗan mutunci zai yi.

Ma'aikacin ya tsaya daga ɗan nesa. Ya dubi ta hagu, ya dubi ragowar jan da ke ta dama, ya yi tambaya.

"Ya ce wai baƙin nan rini ne?" in ji Kudus, yana kallon bango. Bai jira ta ba ya amsa da Turanci, har da 'yar dariya, yana bayanin biki da al'adar mata.

"Kudus, ka ce masa ba lalle ba ne. Lallen ya goge. Ka ce ya taɓa ya ji."

"Na gaya masa, Mma. Ya ce bai ga ja a fatar ba, kuma in ciwo ya ɓaci ja yake yi. Zai ba ki man shafawa. Ya ce ki ga likitanki."

Ina ja zai fito a fatar da Allah ya yi ta baƙa? Ta so ta tambaya, amma ba ta da bakin da za a ji. Wanda ya ga ƙafar bai taɓa ta ba, wanda ke magana a madadinta bai gan ta ba. Suka fito da ɗan bututun man shafawa, Kudus na hamdala don ba a manna masa takardar tara a mota ba.

Da yamma ya gaya wa Sherifa an duba, ba komai. Sherifa ta sauke ajiyar zuciya. "Kin ji ko, Mma? Likita biyu ke nan. Tsoro ne kawai ya yi miki yawa."

Kwanaki kaɗan bayan haka, da hantsi, Salamatou ta hau kawo saƙon turare. Ta yi ta ƙwanƙwasawa, ba amsa sai kukan yaro. Ta kira mai kula da benen ya buɗe. Mma Adjara na kwance a ƙasan kicin, jikinta zafi rau, Saani na ɗaure a bayanta yana tsala ihu. Ko da ta faɗi, a kan gefenta ta faɗi don kada ta danne shi. Salamatou ta yaye zanen ta ga ƙafar, ta ɗora hannu a ka. Ita ta kira motar asibiti, tana kuka tana haɗa Faransanci da Turanci.

A babban asibiti wata likita baƙar mace ta zo. Ta ja kujera ta zauna, ta ɗauki ƙafar da hannu biyu ta ɗora a cinyarta. Ta taɓa sama ta taɓa ƙasa, ta gwada ɗumin wannan da na waccan, ta daɗe. Sannan ta sa aka kira tafinta a waya, muryar wani Bakano ta fito daga na'urar.

"Hajiya, likita na tambaya, yaushe rabon da a duba miki ƙafa a asibiti? A cire safa a gwada ko kina jin taɓi?"

"Ba a taɓa ba, ɗana."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ta ba da labarin tun daga ƙarfen ɗumi har man shafawa, kuma a karo na farko a ƙasar nan ta ji Turancin ya yi tsawon Hausarta. Likitar ta saurara har ƙarshe. Da ta yi magana, tafintan ya sassauta murya ya fassara.

"Ta ce ki yi haƙuri, Hajiya. Ciwon ya shiga ƙashi, ya shiga jini. In ba a cire daga ƙasan gwiwa ba, rai ne zai tafi."

Abin da take gudu tun ranar safar nan ya iso. Ba ta yi ihu ba. Ta kira sunan Mahamudu sau ɗaya, a hankali, ta rufe ido.

Bayan aikin aka kai ta ɗakin da ake koya wa mutane zama da abin da ya rage. Ta riƙa kallon masu keken guragu suna wucewa. Wannan ba yatsu, wancan ba ƙafa, waccan duka biyun. Tsofaffi ne irinta, kuma kusan dukkansu baƙaƙe ne ko masu jin Sifaniyanci. Ciwon suga bai san fari ba bai san baƙi ba, amma wuƙar nan ta san unguwar da take zuwa ci. Can tsallaken ruwa Madam na zaune da yatsunta goma cif, ba don jininta ya fi na kowa kyau ba, sai don an saba cire mata safa. An ce rigakafi ya fi magani, ba a dai faɗi wa ake yi wa rigakafin ba.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa. Kowa na cewa ƙaddara ce, kuma ƙaddarar ce, wa zai musa? Kudus ya ce da ya sani da babban asibiti ya kai ta. Sherifa ta yi kuka har idonta ya kumbura, tana cewa, "Mma, ai da kin nuna min sosai." Salamatou ce kaɗai ba ta kawo dalili ba. Ta zauna a ƙasa ta ce a yafe mata, hannunta ne ya rufe ciwon.

Ana gobe sallama wata nas ta shigo da ɗan madubi da tawul. Ta ce yanzu ƙafar da ta rage ita ce dukiya, dole wani a gida ya koyi duba ta kullum. Ta nemi Sherifa ta matso ta nuna mata.

Sherifa ta durƙusa. Nas ba ta gama buɗe baki ba hannun Sherifa ya riga ta. Ta gwada ɗumin ruwan da gwiwar hannunta. Ta wanke ƙafar, ta tsane ta da tawul tana dannawa a hankali, ba gogewa. Ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya tana leƙa tsakaninsu. Ta ɗaga diddigen ta duba, ta bi gefen farce da ɗan yatsa, ta shafa mai a tafin da bayan ƙafar ta tsallake tsakanin yatsu. Har takalmin ta ɗauka ta zura hannu ciki tana laluben ko akwai tsakuwa. Hannun yana tafiya shi kaɗai, kamar na mai tuƙa tuwon da ta saba.

Nas ta yi murmushi, ta yi wata magana ta yabo, ta tattara madubinta ta fita.

Mma Adjara tana kallo tun daga farko. Ta dubi ƙafarta guda tana sheƙin mai a cinyar 'yarta, da ɗan ragowar jan lalle a farcen. Ta dubi inda bargo ya kwanta shafe a ɗaya gefen.

"Sherifa."

"Na'am, Mma."

"Ashe kin iya."